Sukuwa Sai da Linzami: Yadda Muka Shirya Mota Muka Shiga Gasar Zamiya

Duk wanda ya tashi a unguwar Hausawa, ko a Arewa ne ko a nan Kudu, da wuya a ce bai taɓa ganin wasan mota ranar ɗaurin aure ba. Da zarar an shafa fatiha sai samari su hau titi, wannan ya murɗa sitiyari, wancan ya finciki birkin hannu, ƙura ta turnuƙe, yara su bi su a guje suna ihu. Wata rana a watse lafiya, wata rana kuwa gidan biki ya rikiɗe ya koma gidan makoki. Don haka ban ga laifin 'yan uwana ɗalibai ba da suka riƙa yi mini wani irin kallo lokacin da labari ya bazu a sashenmu cewa na shiga gasar wasan mota. A wurinsu duk kanwar ja ce. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ari fili a mujallarmu in bayyana abin da idona ya gani, tun daga ranar da muka sayi motar har zuwa ranar da aka tashi daga gasar, domin mai karatu ya auna da kansa ko akwai bambanci tsakanin wannan da wancan.

Mene Ne Wasan Zamiya?

Masu wasan suna kiransa dirif, ni kuwa na fi son in ce zamiya, domin abin da ake yi ke nan. Direba zai tunkaro kwana da gudu, da gangan ya sa tayoyin baya su saki kwalta, bayan motar ya zame gefe, hancinta na kallon cikin kwanar. Shi kuma sai ya karkata tayoyin gaba zuwa ɓangaren da bayan ya nufa, ya riƙe ta a haka da totur har ta fita daga kwanar, ba ta juya ta kalli inda ta fito ba, ba ta kuma miƙe ba. Ba tsere ba ne, domin ba wanda ya riga isa ake nema ba. Alƙalai ne ke zaune suna ba da maki. Suna duba layin da motar ta bi, da yawan karkatarta, da kuma salon direba, wato ko ya shiga kwanar da ƙarfin zuciya ya fita cikin natsuwa.

Asalin wasan daga ƙasar Japan ne. Ana danganta salon da wani direban tsere mai suna Kunimitsu Takahashi, wanda ya shahara da shi a shekarun 1970. Bayansa aka yi Keiichi Tsuchiya, wanda ake wa laƙabi da sarkin dirif, kuma wani faifan bidiyonsa na 1987, inda yake zamiya da ƙaramar Toyota AE86 a hanyoyin kan duwatsu, shi ya ja hankalin matasa. Daga baya Japanawa suka ɗauke wasan daga titi suka kai shi fili mai shinge da dokoki. Gasar D1 Grand Prix ta yi kakarta ta farko a 2001, Amurkawa kuma suka fara tasu mai suna Formula Drift a 2004. Mu dai a nan gida yawancinmu fim ɗin Tokyo Drift na 2006 ne ya nuna mana abin. Ina so mai karatu ya riƙe wannan batu na ɗauke wasan daga titi zuwa fili, domin a kansa labarina ya ginu.

Mota da Izinin Baba

A Sabo ta Ibadan aka haife ni. Yayana bakanike ne, ya yi koyon aiki a hannun wani dattijo Bayarabe da muke kira Oga, wanda ya daɗe da Hausawa har idan yana magana ba ka ce ba Bakano ba ne. A bayan garejinsa akwai wata BMW 325i ƙirar 1994, irin wadda masana mota ke kira E36, ta yi fiye da shekara biyu a ajiye, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Jikinta ya sha duka, amma tana da abubuwa uku da mai zamiya ke nema: tayoyin baya ne ke tura ta, giyarta ta hannu ce mai hawa biyar, injinta kuma mai silinda shida ne a jere, lita 2.5. Yawancin motocin da ke yawo a titunanmu, irin su Corolla da Civic, tayoyin gaba ne ke jan su, don haka ba sa riƙe zamiya. Da ka taka musu totur sai su miƙe.

A watan Yulin 2024 muka saye ta, ni da Yaya. Shi ya kawo abin da ya daɗe yana tarawa a adashi, ni kuma na kawo kuɗin raguna biyu da na yi kiwo na sayar da babbar sallah, haɗe da ɗan abin da nake samu wajen koyar da yara darasi da yamma. Ke nan duk abin da muka mallaka mu biyu ya koma cikin ƙarfen nan.

Sayen motar bai kai faɗa wa Baba wuya ba. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara 30 yana ɗaukar goro daga nan zuwa Kano, ya komo da shanu ko albasa. Abin da ya gani a hanya ba kaɗan ba ne, kuma da hannunsa ya sha ciro gawa daga cikin mota. Bayan sallar isha'i muka je muka durƙusa a gabansa, Yaya ya yi bayani. Baba ya yi shiru har muka fara fid da rai, sa'an nan ya ce, "Na ji. In na hana ku, za ku yi a ɓoye, na ɓoye kuwa shi ke kisa. Amma da sharaɗi uku. Na ɗaya, motar nan ba za ta taka titin da jama'a ke bi ba. Na biyu, kai ɗan makaranta, ranar da ka bar darasi saboda ita, ranar zan sa a sayar da ita. Na uku, duk lokacin da maigidanku ya ce a tsaya, a tsaya, ko da saura taku ɗaya a ba ku kofi." Muka ce, "Mun ji, Baba, mun kuma yarda." Inna kuwa ba ta ce uffan ba, sai dai tun daga ranar ba ta daina yi mana addu'a ba in za mu fita.

Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Wata bakwai muka yi muna aikin motar, Asabar da Lahadi da kuma lokacin hutu. Ni zumuɗina shi ne a yi fenti a ƙara wa inji ƙarfi. Oga ya ce duk wannan ado ne, za a fara da abin da zai hana mutum mutuwa, a bi da abin da zai hana inji mutuwa, sauran kuma in kuɗi ya rage.

Da birki muka fara. Aka canza takalman birki, aka zubar da tsohon man birki aka sa sabo, aka bi bututansa ɗaya bayan ɗaya ana neman yoyo. Aka ɗaure batir da ƙarfe don kada ya yi tsalle ya haɗa wuta. Muka cire kujerun baya da darduma da duk wani tarkacen da ke ƙara nauyi ko zai iya tashi ya bugi direba. Aka kafa kujerar direba da ƙusoshi masu ƙarfi, aka duba bel, aka ɗaura tukunyar kashe gobara a inda hannuna zai kai ina zaune. Hular kwano kuwa Oga ya ce in ba sabuwa ba ce kada in kawo masa, don ba a san irin faɗuwar da ta hannu ta sha ba.

Daga nan muka koma kan aksul ɗin baya. A tsakanin tayoyin baya akwai wani akwati mai haƙoran ƙarfe, aikinsa shi ne ya bar tayar da ke wajen kwana ta fi ta ciki juyawa, tun da tafiyarta ta fi nisa. Wannan alheri ne ga mai tuƙin yau da kullum, amma ga mai zamiya cikas ne, domin da zarar taya ɗaya ta saki ƙasa sai ita kaɗai ta yi ta wulwulawa, ɗayar ta yi lakwas. Masu hali sukan sayi wani akwati na musamman mai kulle kansa. Talakawa irinmu kuwa walda muke yi. Aka sauke akwatin, aka wanke shi tas har babu ɗigon mai, mai walda ya liƙe ƙananan haƙoran ciki, tayoyin biyu suka zama tamkar a sanda ɗaya suke. Tun daga ranar motar ta daina dacewa da titi, don ko juyawa za ka yi da ita a hankali sai ka ji taya na kuka tana ja da ƙasa. Ka ga sharaɗin Baba na farko ya samu mai tsaronsa.

Sai birkin hannu. Na asali da waya yake aiki, kuma ba ya jure yawan fizga. Muka sa irin mai aiki da man birki, mai dogon mariƙi kusa da sitiyari, wanda da ka ja shi tayoyin baya ke tsayawa cak. Aka sa sabon kuloci, domin ɗaya daga cikin hanyoyin fara zamiya ita ce direba ya taka kuloci ya saki farat ɗaya alhali ƙafarsa na kan totur, ƙarfin injin ya faɗa wa tayoyin baya gaba ɗaya. Aka canza robobin ƙafafun gaba da suka mutu, aka gyara shakazoba, aka daidaita sitiyari har ya zama in ka sake shi a tsakiyar zamiya da kansa yake juyawa ya nemi hanya. Kayan nan wasu a kasuwar Gate muka same su nan Ibadan, wasu kuwa sai da Yaya ya yi tattaki har Ladipo a Ikko.

Abin da ya fi cin lokacin Oga shi ne sanyaya inji. Ya bayyana mini cewa mota mai tafiya sak iska na dukan lagiretonta kai tsaye, amma mai zamiya a karkace take tafiya, iskar na wucewa ta gefe, ga shi kuma injin yana ta kururuwa a giya ta biyu. Zafi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Gangar jikin injin nan baƙin ƙarfe ce, amma kansa na alminiyam ne, in zafi ya wuce kima sai kan ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Mota kuma ta shekara 30, duk wata roba da ke jikinta ta tsufa. Saboda haka aka canza lagireto da famfon ruwa da kowane tiyo, aka sa sabon fambel, aka ƙara fankar lantarki mai makunni a gabana. Da aka gama, Oga ya ɗauko farin fenti ya ɗiga a gilashin agogon zafi, tsakanin tsakiya da jan layi. Ya ce, "Ɗan boko, ka ga ɗigon nan? In allura ta wuce shi, wasa ya ƙare. Ba ni da wata doka bayan wannan."

Taya kuwa ita ce abincin wasan. A gaba ake sa masu kyau, don da su ake sarrafa motar. A baya kuma na hannu muke sawa, masu ɗan siranta, a cika musu iska fiye da yadda aka saba domin su rage kama ƙasa. A wurin mai faci na koyi karanta shekarun taya. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wannan ilimi ko ba ka wasan mota zai amfane ka, domin taya takan tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Ga kuma fetur. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 farashinsa ya yi ta hawa, har lita ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa a ƙarshen 2024. Kowace jarka muka saya sai da muka yi lissafi.

Koyo

Wani mai masana'anta da ya san Oga ya ba mu aron filin ajiye manyan motocinsa da safiyar Lahadi, lokacin da babu kowa, ƙofa a rufe. Mukan ɗora motar a bayan wata babbar mota mu kai ta. Mukan watsa ruwa a kan siminti don taya ta yi saurin zamewa kuma kada ta cinye da wuri. Mako huɗu na yi ba abin da nake yi sai zagaye tsohuwar ganga guda ɗaya, hancin mota na kallonta, bayan na kewayawa. Bayan nan aka ƙara ganga ta biyu, na riƙa zana lamba 8 a tsakaninsu, wanda shi ke koya wa mutum juya zamiya daga dama zuwa hagu. A nan na gane cewa mota inda idonka ke kallo take zuwa, kuma totur ba a taka shi kamar ana kashe kunama, lallaɓa shi ake yi. Yaya ya fi ni sanin inji nesa ba kusa ba, amma da aka gwada mu sai Oga ya ce hannuna ya fi sanyi a kan sitiyari. Haka aka yanke cewa ni zan tuƙa, Yaya ya riƙe sifana.

Ranar Asabar

A watan Fabrairun 2025 aka yi gasar, kwana biyu, a wani fili mai faɗi da masu shiryawa suka kama haya a bayan gari. An kewaye shi da shinge da tsofaffin tayoyi, 'yan kallo suna can nesa a bayan shingen, ga motar asibiti da masu kashe gobara a tsaye. Kafin kowa ya kunna inji sai da aka duba motarsa: batir, bel, ƙusoshin taya, yoyon mai, hular kwano, tukunyar kashe gobara. A gabana aka mayar da wata mota mai sheƙi, wadda fentinta kaɗai ya fi kuɗin tamu, saboda mai na ɗiga a ƙarƙashinta. Mai ita ya yi ta faɗa, amma ba a saurare shi ba. Tamu mai kama da garwashi ta wuce ba tare da an ce ƙala ba. Na dubi Oga, ya yi kamar bai gani ba.

Ranar farko ta tantancewa ce. Kowa zai shiga shi kaɗai sau biyu, a ɗauki makinsa mafi yawa cikin 100. Hanyar kwana uku ce: doguwa zuwa hagu, a juya zuwa dama, a ƙare da wata matsattsiya. An ajiye alamomi inda ake son hancin mota ya kusanta, da inda ake son bayanta ya shafa. Wanda motarsa ta juya gaba ɗaya, ko ta miƙe a tsakiya, ba shi da maki. Da aka ɗaga mini tuta, ƙafata ta hagu rawa take a kan kuloci. Na yi bisimilla, na sa giya ta ɗaya, na sa ta biyu, na taka kuloci na saki, bayan motar ya fita. Daga nan ban ƙara jin ihun mutane ba, sai ƙarar inji da warin roba. Gaba ɗaya abin bai kai rabin minti ba. Wata bakwai na aiki, rabin minti na wasa. Da yamma aka kafe sunayen mutum 16 da suka tsallake, nawa na 11.

Ranar Lahadi

A rana ta biyu bibbiyu ake shiga. Mota ɗaya a gaba, ɗaya a baya tana bin ta a zamiya, tana kwaikwayon duk abin da ta gaba ta yi, kusa da kusa amma ba tare da karo ba. Sai a sake, na baya ya koma gaba. Alƙalai su haɗa biyun su fid da gwani. In sun kasa rabewa sai su ce a maimaita.

Karona na farko da wani mai Marsandi ne. Da yake bina motarsa ta juya a kwana ta biyu, na wuce zuwa cikin mutum takwas. Yaya ya rungume ni har hular kwanona ta karkace. Muka yi azahar, muka canza tayoyin baya da wayarsu ta fara leƙowa, muka ƙara fetur.

Karo na biyu wajen ƙarfe uku aka kira shi, rana na dukan kwalta har tururi take. Abokin karawata wani saurayi ne Ibo daga Ikko, motarsa irin tamu ce amma injinsa ya fi namu girma. Na shiga gaba, ya manne mini kamar inuwa. Ya shiga gaba, ni ma na bi shi har ina ganin ƙusoshin ƙofarsa ta cikin hayaƙi. Muka tsaya muna jiran hukunci. Alƙalai suka yi shawara, aka sanar cewa a maimaita. Fili ya ɗauki sowa. A daidai lokacin na kai idona kan agogon zafi, na ga allura ta haye farin ɗigon nan.

An ba mu 'yan mintoci. Muka buɗe bonet, fanka na juyawa, Yaya na yayyafa wa lagireto ruwa ta waje, domin ba a buɗe murfinsa da zafi, ruwan ciki zai iya tsartuwa ya saɓule wa mutum fuska. Allura ta ɗan sauko, ta tsaya a kan ɗigon, ta ƙi matsawa. Yaya ya ce, "Oga, rabin minti ne fa sau biyu. Za ta iya." Mai sanarwa na kiran lambarmu, abokin karawata ya riga ya je layi yana jira. Oga ya sunkuya ya saurari injin, ya taɓa tiyo na sama da tsumma, ya miƙe. Bai yi dogon bayani ba. Cewa ya yi, "Ta gaji. A tsaya."

Mai karatu, ba zan ɓoye maka ba, makulli a hannuna yake, kuma zuciyata cewa take in shiga. Wataƙila da ta kai, wataƙila kuma da kan injin ya tafi, adashin Yaya da ragunana su bi hayaƙi. Ba wanda ya sani sai Allah. Abin da na sani shi ne na durƙusa a gaban mahaifina na ce na ji na yarda. Na cire hular kwano, na taka har teburin alƙalai na ce mun janye. Wasu 'yan kallo suka yi mana ihu, na ji wani yana cewa tsoro ne. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, Yaya kuwa har muka ɗora motar bai yi wa kowa magana ba.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne abokin karawata. Bayan an tashi ya neme mu har inda muke, ya leƙa agogon, ya ga farin ɗigon, ya yi dariya ya ce shi ma da ya sami mai yi masa irin wannan ɗigo da bai ƙona inji biyu ba. Ya bar mana tayoyi biyu da suka rage masa. Washegari Oga ya auna injin, ya ce lafiyarsa ƙalau.

Da daddare muka ba Baba labari. Bai tambayi na nawa muka zo ba. Ya ce, "Maigidanku ya ce a tsaya?" Na ce, "E, Baba." Ya ce, "Ka tsaya?" Na ce, "Na tsaya." Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Duk direbobin da muka fara hanya tare, waɗanda suka tsufa su ne masu jin maganar birki."

Abin da Na Fahimta

Ina yaro an taɓa kai ni Kano hutun sallah, na ga jahi a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe. Mahaya sukan sako dawakai a guje kamar za su bi ta kan sarki, sai sun zo dab su ja linzami, dawakai su turje, su ɗaga hannu su yi jinjina. Kowane yaro zai iya sa doki gudu in ya sami bulala. Abin da ake zuwa kallo shi ne tsayawar. To haka zamiya take. Sa mota ta zame ba gwaninta ba ce, ruwan sama ma yana yin haka ga wanda bai shirya ba. Gwanintar ita ce ka san iyakar tayarka da injinka da filinka, ka kai bakin iyakar, ka ƙi haye ta.

A nan ne muka rabu da masu wasan mota na ranar biki. Su mota ce ta aro, ba a duba birkinta ba, babu bel, babu hular kwano, abokai sun zauna a tagogi, titi cike da yara da masu talla, kuma babu wani Oga da zai ce a tsaya. Wanda motar za ta kwashe bai sayi tikiti ba, bai ma san ana wasa ba. Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba, Saudiyya ma ta sha wahala da irinsa, wanda suke kira tafhit, har hukuma ta tsananta hukunci a kansa.

Wani abokina ustazu ya ce da ni, ko a fili ne, ƙona taya da fetur a wannan zamani almubazzaranci ne. Maganarsa abin dubawa ce, kuma ban ce kowa ya shiga ba, musamman ɗalibin da iyayensa ke fafutukar biya masa kuɗin makaranta. Amma na gaya masa cewa mai kiwon dokin sallah ma yana kashe kuɗi, mai ƙwallo ma haka. Abin lura shi ne kada a ci haƙƙin wani, kada a bar farilla, kada a jefa rai cikin halaka. Ni dai na fita da sanin inji da taya da birki wanda da ba ni da shi, kuma yanzu in na shiga motar haya na fi kowa saurin roƙon direba ya rage gudu.

Daga ƙarshe, ina kira ga shugabannin unguwanninmu da masu hali da hukumomi. Hani kaɗai bai raba samari da wasan mota ba, kuma da wuya ya raba su. A samar musu fili mai shinge, a sa musu dokoki da dattawan kanikawa masu duba motoci, sa'an nan a hukunta duk wanda ya kai wasan kan titi ba sani ba sabo. Ku kuma 'yan uwana samari, in an ɗaura auren abokinku, ku raka shi gida da addu'a, ku bar titi ga masu wucewa. Mu dai motarmu tana nan a bayan gareji an lulluɓe ta da tamfol, Yaya ya huce, har ya fara tarin kuɗin lagireto mafi girma. Allah ya kiyaye mana hanya, ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.